Harara, satar kallo da tagar danfo

A shekarar farko da idona ya tafi, ƙanin maigida ya kawo mana amaryarsa gaisuwa, wata Asabar bayan La'asar. Na sa aka ajiye musu lemo da cincin. Muna cikin gaisawa sai na ji 'yar ƙarar da faranti ke yi idan hannu ya shige shi a ɓoye. Na san mai hannun. Ɗana ne na tsakiya, wanda tun yana rarrafe ba ya ganin abin baƙi ya ƙyale. Ko tunani ban tsaya yi ba, na juya na zabga masa harara, irin wadda Innarmu ta raine mu da ita, wadda ke sa yaro ya mayar da abin da ya riga ya kai baki. Falo ya yi tsit. Can sai ƙanin maigida ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, amarya ce fa a nan. Shi ya kwasa ya zagaya bayanki."

An yi dariya, ni ma na yi. Baiwar Allah sai cewa take, "Ba komai wallahi, Yaya." Amma na kwana ina juya abin a raina. Shekara goma sha wani abu ina riƙe da gida da ido kawai. Yaro ya zauna cikin manya, kallo ɗaya ya tashi. Ya buɗe baki zai faɗi abin da ba a faɗa gaban baƙi, kallo ɗaya ya haɗiye. Yanzu sai na yi magana, kuma duk abin da aka faɗa da baki baƙo ma ya ji. Na koma gyaran murya, amma gyaran murya ba shi da adireshi, kowa a ɗakin sai ya tsargu.

Idan mutane suka tambaye ni abin da na fi kewa, sukan zata zan ce Ka'aba, ko teku, ko wani abu babba. To, ga shi nan na faɗa: harara.

Wannan rubutun ma ba hannuna ya yi shi ba. Ni nake faɗa, Auta take bugawa a waya, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana.

A Agege ta Legas aka haife ni. Kakanmu fataucin goro ya kawo shi daga Kano ta jirgin ƙasa, ya zauna a Zango, zama ya miƙe. Sana'ata sayar da atamfa da leshi da shadda a gida, in saro daga kasuwar Balogun in ba mata, wasu su biya nan take, wasu sai an kwashi adashi. Ciwon da ya cinye mini ido shi ne wanda likitoci ke kira gulakoma, mu kuma muke cewa hawan jinin ido. Ruwan cikin ido ne ba ya samun hanyar fita yadda ya kamata, sai ya taru yana danne jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa, tana mutuwa kaɗan-kaɗan. Ba ciwo, ba ja, ba ƙaiƙayi. Daga gefe yake farawa, shi ya sa na daɗe ina tuntuɓe da bokiti ina zagin yara sun bar kaya a hanya. Ranar da aka auna ni, likita ya ce awon lafiyayyen ido ba ya cika wuce 21, nawa ya haura nesa, kuma na hagu ya riga ya tafi. Na ce a yi mini aiki mana, kamar yadda aka yi wa Goggo ta dawo tana zura zare a allura. Ya ce, "Hajiya, na Goggo yanar ido ce, ita ana cirewa gani ya dawo. Jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Abin da ya rage muke so mu tsare." Aka ɗora ni kan maganin ɗigawa safe da yamma. Na yi wasa da shi, ba zan ɓoye ba, in ya ƙare sai in ce sai an samu kuɗi. Na dama ya ƙarasa tafiya a 2020, wajen lokacin kullen korona. Daga baya na tilasta wa ƙannena duk suka je aka auna su, domin ciwon yana bin jini, aka kuwa kama shi da wuri a idon ɗaya daga cikinsu.

Ba duhu nake gani ba, kamar yadda ake zato. Wani abu ne kamar hazon hunturu mai kauri, wata rana ya yi haske-haske, wata rana ya yi toka.

An ce makaho ya rasa ido ya ce ido wari gare shi. Ni ba zan faɗi haka ba. Ido daɗi gare shi, kuma mafi yawan daɗin nasa na sata ne. Ido ba ya sallama, ba ya neman izini, ba ya cewa don Allah. Kina zaune a gidan biki, ki ɗaga kai daƙiƙa ɗaya, kin riga kin san wa ta zo, wa ta rame, wa ke da ciki tana ɓoyewa, wa ta yi ankon da yadin da ba shi aka fitar ba. Ba ki tambayi kowa ba, ba wanda ya san kin sani. Ni da aminiyata mun yi shekaru muna hira daga wannan kusurwar rumfa zuwa waccan ba tare da mun buɗe baki ba. Wata ta shigo da gwaggwaron da ya fi ƙarfin ƙofa, in dube ta, ta dube ni, shi ke nan, sai mun koma gida a ƙarasa dariyar. Allah ya yafe mana, gulma ce, amma gulmar da ba ta da shaida. Yanzu takan matso ta raɗa mini a kunne. Raɗa kuwa kowa na ganin ana yin ta, kuma kafin ta gama kwatanta mini abin, daɗinsa ya huce, kamar a ba ki labarin miya.

Duk abin da na sani yanzu ta bakin wani ya biyo. Wannan shi ne nauyin da ban iya yi wa masu ido bayaninsa ba. Mutanena ba su rage ni da komai ba, maigida ma Allah ya saka masa, amma mai ba ki labari shi yake zaɓar abin da za ki sani. In tambaya, "Ya jikin Inna ya yi kama?" a ce, "Da sauƙi." Da ina gani, da kallo ɗaya na san ko sauƙin na gaske ne ko na lallashi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ni a wurina ji ne ya zauna a kujerar gani, kuma kujerar ta yi masa yawa.

Sai maganar kaya, sana'ar tawa. Hannuna har gobe bai manta ba. A miƙo mini turmi in murza bakinsa tsakanin yatsu biyu, in gaya miki Holan ce ko kwaikwayo, in shinshina shadda in san ko Getzner ce ta gaske. Har yau mata na kawo mini kayan lefe in taɓa musu kafin a biya. Amma launi ba ya zuwa hannu. In tambayi yaran nan, "Wannan wane launi ne?" su ce, "Bulu." Bulu! Wane daga ciki? Shuɗi ne mai duhu irin na baba, ko ruwan bula, ko sararin samaniya? Ja ne, ko ruwan goro, ko ruwan hanta, ko makuba? Su duk abu ɗaya ne a wurinsu. Ni da na yi shekaru ina riƙe yadi biyu a bakin ƙofar shago a Balogun, ina karkata su ga hasken rana don in ga ko mayafi zai hau da atamfa, yau ni ake zaɓar wa abin da zan sa. Na ɗinka 'yan maɓallai a cikin bakin zannuwana, ɗaya ga masu duhu, biyu ga masu haske, na haɗa kowane da ɗankwalinsa a leda guda. Dabara ce, tana aiki. Amma wannan tsayuwar gaban durowa da safe, kina jan wannan kina mayar da wancan ba don komai ba sai don ranki bai kwanta da shi yau ba, ita ba ta da dabara.

Madubi ma haka. Kwalli ina sa shi har yanzu, hannu ya san hanya. Sai dai fuskar da nake ɗauke da ita a kaina ta 2020 ce. An ce furfura ta fito mini a goshi. Na yarda ne kawai don ba ni da hujjar musu.

Ba fuskata kaɗai ta tsaya ba, garin ma ya tsaya. Legas ɗin da ke kaina har yau ana cikin aikin gadar Pen Cinema, ga ƙura, ga ƙarafa, ga cunkoson da sai mutum ya sauka ya taka da ƙafa. An buɗe gadar a watan Maris na 2021, na bi ta kanta a mota ba sau ɗaya ba, na ji yadda ake hawa ana gangarawa, amma in na tuna wurin ginshiƙai nake gani tsirara. Auta kuma tana da shekara tara a idona, da gibinta, da kitson da na yi mata da hannuna. Yanzu muryarta daga saman kafaɗata take fitowa. Wani lokaci ina mata faɗa ina kallon ƙasa, sai ta ce, "Umma, ina nan sama." A mafarki kuwa ras nake gani, launi da komai, kuma a can ma 'yar shekara taran ce take zuwa.

Abin da ban taɓa ɗauka a bakin komai ba, sai ga shi cikin waɗanda suka fi ci mini rai, shi ne kujerar taga a danfo, motar hayar nan ta Legas. Ranar sari nakan fita da sassafe, Agege zuwa Oshodi, daga nan in kama ta Idumota. Nakan bar mota ta wuce in jira ta bayanta don kawai in samu taga. In aka hau gadar Third Mainland, kusan kilomita 12 a kan ruwa, sai in saki ido. Gidajen Makoko tsaye kan sanduna cikin ruwa, hayaƙin bandar kifi kwance a kansu, yara ƙanana suna tuƙa kwalekwale kamar a tsakar gidansu, gungumen katako jere suna shawagi ta wajen Okobaba. Ba abin da nake nema a wurin. Ba na tunanin bashi, ba na tunanin abin da za a dafa. Wannan ɗan lokacin ne kaɗai a mako ba na zama uwar kowa ko matar kowa, ido na kiwo, ni ina hutawa. Har rubutun bayan motoci nakan karanta, da Yarbanci da Turanci da Larabcin da aka rubuta a karkace. Yanzu in na shiga mota, aiki nake: ina ƙirga kwanar da mota ke sha, ina sauraron kwandasta, ina riƙe da jaka, ina lissafin inda za a ce "O wa!" don a sauka. Kunne ba ya kiwo. In kika sake shi, kin ɓata.

Da yake na ambaci jaka, bari in faɗi ta kuɗi. Naira 5, 10, 20 da 50 na leda ne, hannu na gane su. Amma 100, 200, 500 da 1000 duk takarda ce kuma girmansu ɗaya, Sardauna da Azikiwe ba su da bambanci a tafin hannuna. Sai na sa a ware mini, in naɗe dubu gida biyu, ɗari biyar gida uku, ɗari biyu in bar ta a miƙe. Da aka sauya fasalin 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022, gari ya ɗauka, wasu na cewa rini kawai aka yi musu, ana ta gardama a tsakar gida. Ni dai na yi shiru, don a wurina ba abin da ya sauya. Abin da na rasa shi ne ƙirga cinikina ni kaɗai da dare, ƙofa a rufe, ba wanda ya san nawa ne. Mace ta san daɗin wannan. Yanzu ko sanarwar banki ta shigo, wayar ce za ta karanta da ƙarfi, in ban sa abin kunne ba har maƙwabta sun ji.

Wayar dai ta yi mini rana, ba zan ci amanarta ba. Akwai TalkBack a cikinta, mai karanta duk abin da yatsa ya taɓa. Turanci take yi tiryan-tiryan, amma in ta zo kan saƙon Hausa sai ta riƙa tauna shi kamar Baturiyar da ta sauka jiya, sai na saurara sau uku kafin in gane "ina wuni" ake nufi. Saƙon murya na WhatsApp shi ya cece ni. Sai dai ranar da aka yi suna ko biki a dangi, hotuna su yi ta shigowa zauren gidanmu, arba'in, hamsin, kowa na "Masha Allah", "kai, kamarsu ɗaya da babansa". Ni ma in tura nawa Masha Allah ɗin, a kan amana.

Wata rana ina tsaye bakin titi kusa da kasuwa, riƙe da farar sandata, Auta ta tsallaka sayo burodi. Sai na ji an kama hannuna an cusa mini abu, an wuce. Leda ce, wato ko ta kai ta kawo ba ta wuce hamsin ba. Ina sanye da leshin da na san kuɗinsa. Na tsaya riƙe da ita, ban san ko in yi fushi ko in yi godiya ba. A garin nan in an ga Bahaushe makaho, an gama lissafi: na bara ne, daga Titin Kano na Ebute Metta ya fito. Ban raina waɗancan bayin Allah ba, da yawansu ba su samu wanda zai kai su asibiti ko makaranta ba ne. Amma ranar na gane na rasa wani abu kuma: in tsaya a titi ba wanda ya kula da ni. Da can ni ke kallon mutane. Yanzu ni ake kallo, ina jin sa a jikina, ba ni da halin ramawa. Kuɗin dai na ba wani almajiri, ya yi mini addu'ar Allah ya buɗe ido, na ce amin.

Sandar a cibiyar koyar da makafi sana'a da ke Oshodi na koye ta. Wanda ya fi taimaka mini a can wani malami ne Bayarabe da aka haifa ba ya gani, ya yi karatunsa tun daga makarantar Pacelli ta Surulere. Shi dariya yake mini in na fara lissafin abin da na rasa. Ya ce shi bai ajiye komai a wurin ba balle ya je nema. Ya yi ta fama da ni kan rubutun makafi, ɗigo shida kacal ake juyawa su ba da kowane harafi, amma yatsun da suka yi shekara talatin suna wanki da yankan albasa ba sa jin ɗigo. Na iya na lambobi da na sunana, na bar sauran.

Shi ya sa Alƙur'anina yake nan a rufe cikin gafakarsa. Bugun Warash ne mai manyan baƙaƙe, na Babanmu. Ina da haddar abin da ya sawwaƙa, ina kuma sauraron karatu a waya kullum. Amma da can na san ayoyi da mazauninsu: wannan tana saman shafi ta dama, waccan tana kusa da inda mai ya taɓa ɗiga. Mai karatu a waya ba ya jira na. In aya ta taɓa ni, da sai in tsaya, ido na kanta, in daɗe. Yanzu kafin in lalubo inda ake tsayar da shi ya yi gaba. Masu zuwa dubiya kan karanto mini hadisin da ke cikin Buhari, cewa wanda aka jarrabe shi da rasa idanunsa biyu ya yi haƙuri, Aljanna ce sakamakonsa, su tuna mini da Abdullahi ɗan Ummi Maktum wanda aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa. Na yi imani da wannan, shi nake riƙe da shi in dare ya yi tsawo. Sai dai na lura masu saurin karanto shi su ne ba sa iya zama su ji na ce ina kewar tsintar shinkafa. Eh, tsintar shinkafa: tire a cinya, bakin ƙofa, hasken yamma, kina ture tsakuwa da ɗan yatsa kina jin rediyo. Haƙuri bai hana kewa ba. Annabi Yaƙuba ma ya yi kuka har idonsa ya yi fari.

Abinci kuwa ba na son in yi dogon bayani. Kifi na daina ci a gaban mutane. A gidan biki cokali ya sha zuwa bakina ba komai a kansa. Tumatir da tattasai, da nake zuwa kasuwar Mile 12 in zaɓa ɗaya-ɗaya ina yi wa 'yan uwanmu masu kwando tsiya, yanzu hanci da yatsa ke zaɓa, kuma ba laifi suna ƙoƙari.

Kwanakin baya na matsa wa Auta ta kai ni in hau sabon jirgin ƙasan nan na cikin gari, jan layi, wanda ya fara ɗaukar mutane a watan Oktoban 2024. Kullum ina jin wucewarsa daga gida. Ba inda za mu, na ce mu je Oyingbo mu dawo. Muka shiga a tashar Agege, ta sa katin Cowry ta biya mana, na ce ta zauna ta taga ta riƙa gaya mini komai, kada ta rage.

Ta fara da ƙoƙarinta. "Umma, ga bayan gidaje. Ga wata ta shanya kaya. Ga masu gwanjo dab da layin dogo." Na ce kayan da aka shanya wane launi? Ta ce sun wuce. A Ikeja ta ce tashar babba ce, da gilasai. Na ce kamar me? Ta ce, "Kamar... babba dai." Muka wuce Oshodi tana cewa ga gada, ga motoci, ga mutane kamar ƙasa. Daga nan maganar ta fara raguwa. "Ga wani masallaci." Shiru. "Ga yara suna ƙwallo." Shiru mai tsawo.

Bayan Mushin ban ƙara jin bakinta ba. Na ji dai kafaɗarta ta saki, ta jingina da jikin taga, numfashinta ya sauka, hannunta da ke riƙe da nawa ya yi laushi. Na san wannan zaman. Na buɗe baki zan ce "Me kike gani?" sai na mayar na rufe. Na gyara mayafina, na riƙe jakata da kyau, ina jin ƙafafun jirgin suna bugawa a ƙarƙashinmu.

Sai da ya tsaya cak ta zabura. "Lah, Umma, yi haƙuri, na manta. Mun iso Oyingbo."

Na ce, "Tashi mu nemi na komawa. Ki sake kama tagar."